Ranar da telan Dakar ya juya min cikin riga

Salamu alaikum mutanen gida, na Kura da kewaye. Wata bakwai kenan ina Dakar wajen Kawu muna gasa nama, su nan dibi Hausa suke ce masa kuma wallahi suna ci. Duk wanda ya kira ni tambayarsa ɗaya, ka je Kaulaha? Na je, na yi ziyara, na yi muku addu'a. Amma yau zancen tufafi ne ya kawo ni, don an ci min fuska a kan riga kuma har yanzu abin bai sake ni ba.

Maƙwabcin rumfarmu aka yi wa haihuwa ya gayyace mu suna, sai na ɗauko shaddata ta Sallar bara, gezna ce ta gaske ruwan toka, wadda sai da na sayar da buhun shinkafa biyu na cika kuɗinta, telanmu na gida kuma bai ba ni ita ba sai da aka sauko idi bayan na yi sati uku ina sintiri. Maɓalli ɗaya ya fita, na kai wa wani dattijon tela a kasuwar HLM, nan ce Kantin Kwarinsu. Maɓalli kawai fa. Bawan Allah ya shafa yadin ya gyaɗa kai, sai ya juya cikin rigar waje. Jama'a, zare ne reto-reto kamar gemun masara, bakin ɗinkin ba a kashe ba, aljihun dama ya fi na hagu sauka da kusan yatsa biyu, ni shekara guda ina sawa ban lura ba. Ya kira yaransa su huɗu suka kewaye rigar ana ta Wolof, yaron Kawu da ya raka ni yana ƙunshe dariya, da na matsa masa ya ce cewa dattijon ya yi, yadin nan me ya yi wa mai ɗinkin da zafi haka?

Na so in karɓe kayata in tafi. Ya ce in dawo jibi bayan la'asar. Jibi bayan la'asar na tarar da ita a rataye, ya farke wuyan ya sake shi, ya daidaita aljihu, cikin rigar sumul kamar wajenta. Sannan ya ce saura bugu, ya haɗa ni da yaro.

To nan ne jikina ya yi sanyi. Tun daga bakin lungu na jiyo kwam, kwam, kwam, biyu-biyu, ƙafata ta gane sautin kafin kaina. Samari ne 'yan Gine a zaune biyu suna fuskantar juna, gungume a tsakiya, kowa da mabugi, an yayyafa ruwa an goga kyandir ana bugu har shaddar ta riƙa ɗaukar ido tana ƙara in an taɓa. Wannan fa shi ne aikin Kaka, Allah ya jiƙansa, wanda da shi ya ciyar da gidanmu yana buga turkuɗi Buzaye na zuwa tun daga Agadas su saya. Mu jikokinsa mun raina, mun ce aikin tsofaffi ne mai baƙanta hannu, karofin bayan gidanmu ma yanzu shara ake zubawa. Ga shi na ƙetaro ƙasashe na biya sefa an yi min, har ina godiya.

Garin nan ba a ba shi haƙƙinsa a wajenmu, mu in ana zancen kaya sai Dubai sai Turkiyya. Ku zo ranar Juma'a ku tsaya ƙofar Massalikul Jinan, babban masallacin 'yan ɗariƙar Muridiyya da aka buɗe a 2019, ku ga manyan riguna. Makaniken da ya wuni cikin baƙin mai zai fito da shadda tsaye ƙyam ba ko lanƙwasa ɗaya. Mata kuwa rinin Mali kala uku a jikin yadi ɗaya, ɗaurin ɗankwali kamar zai tashi sama. Ga 'yan Bay Fall, almajiran Shehu Ibra Fall, da rigunansu na haɗe-haɗen ƙyalle, abin da telanmu ke sharewa ya ƙona, su shi suke mayarwa sutura. Har makon nunin ɗinki suke yi, wata Adama Paris ce ta faro shi tun 2002, ni dai ban shiga ba, ina ni ina wurin da ake tafiya ana yanga.

Ba wai waliyyai ba ne. Kawu ya ce in Tabaski ta matso, wato Babbar Sallah, su ma telolin kashe waya suke yi, mutum ya ci bashi don riga ɗaya rago na jiransa. Kuɗin ɗinki kuma in na juya shi naira sai kaina ya yi ciwo. Amma mu a ce mutum ya sayi yadin Ostiriya mai tsada, ya tsaya yana ciniki da tela a kan ɗari biyar, telan ya karɓi ɗinkin gari guda ya miƙa wa yaron da ko wata shida bai yi a keke ba, a ɗora aiki mai walƙiya a ƙirji a rufe ɓarnar, haba!

Wuri ɗaya muka yi musu fintinkau, hula. Babbar riga ta dubban sefa, kai kuma ƙwal, ko wata 'yar tashi-ka-fiye-naci. Ranar sunan da na kafa zanna bukar ɗina mutum uku suka tambaye ni inda ake samu, har dattijon telan ya ciro ta daga kaina ya juya cikinta, wannan karon bai kira yara ba.

Yaya, in Alhaji zai taho Maulidin Kaulaha a ba shi huluna biyar, ɗinkin hannu, a wanke a buga. Kuma don Allah a duba ɗakin Kaka ko mabuginsa na nan, kar a faskara shi a yi girki.