Kwana biyar a gidan haya cikin tsohon garin Marbeya

Harkar tayil ce ta kai ni Sifaniya a watan Oktoba, da na gama da masu kamfani sai muka gangara kudu ni da maiɗakina, mu ɗan huta a Marbeya, garin da ake rubuta sunansa Marbella. Daga filin jirgin Malaga bas muka shiga, tafiyar kamar minti 45. Jirgin ƙasa ba ya kaiwa garin, a Fuengirola layin ya tsaya, don haka kada wanda zai je ya sa rai da shi.

Maimakon otal, wani ɗan gida na kama ta intanet a tsakiyar tsohon gari: ɗaki ɗaya, falo, kicin. Zan fara da abin da ya ɓata min rai. A tallan gidan ba a faɗi cewa hawa na uku ne kuma babu lif ba. Mota ma ba ta shiga lungunan, tasi ya sauke mu a bakin titi, muka ja akwatuna a kan daɓen duwatsu har ƙofa. Hajiya tana fama da gwiwa, ranar kam sai da ta zauna a matakala ta huta sau biyu. Na yi wa mai gidan magana, wata dattijuwa ce mai fara'a, ta ba da haƙuri, washegari ta aiko mana da kwandon lemo. Amma haƙuri ba ya rage matakala, ya kamata a rubuta gaskiya tun farko. Sai kuma hayaniya: mutanen nan sai ƙarfe tara ko goma na dare suke zaman cin abinci, hirarsu tana shigowa ta taga har bayan sha biyu.

Ban da waɗannan biyun, gidan ya biya ni. Tsaf yake, ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, kicin ɗin kuma shi ya fi komai amfani. A ƙasar nan naman alade yana shiga abinci da yawa, har wanda ba ka zata ba, za ka ga cinyoyinsa a rataye a kantuna. Mun samu wani mahauci ɗan Moroko mai naman halal, Hajiya ta riƙa dafa mana na dare da yajin da ta taho da shi. Buta kuma ka taho da taka.

Abin da ya sa nake cewa a sauka a tsohon gari shi ne asubarsa. Bayan salla nakan fita ni kaɗai. Lunguna ne matsattsu masu murɗiya kamar na cikin birnin Kano, sai dai an shafe bangayen da farar ƙasa, an rataye tukwanen furanni. Ka ɓulla nan ka ɓulla can sai ga ka a dandalin da suke kira Plaza de los Naranjos, wato dandalin itatuwan lemo, wanda aka shata bayan garin ya fita daga hannun Musulmi a 1485. Kaɗan daga nan akwai ragowar ganuwar da aka gina a ƙarni na 10, zamanin daular Musulmi ta Ƙurɗuba. Na ɗora tafina a kan dutsen, da sanyin raɓa a jikinsa, na daɗe a tsaye. Andalus ɗin da muke ji a bakin malamai ce a gabana, jikina ya yi sanyi.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Sarki Abdul'aziz, fari tas a gefen babban titin da ke yamma da gari. Salman, wanda yake sarautar Saudiyya yanzu, shi ya gina shi a 1981 tun yana yarima. A sahu na ga 'yan Moroko, Larabawan yankin Gulf, 'yan Pakistan, da samarin Sanagal waɗanda na riƙa gani suna tallar tabarau a bakin teku. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna bayan sallama yana tambayar daga ina, da na ce Najeriya sai ya washe baki kamar ya ga ɗan uwansa.

Puerto Banus kuwa, tashar jiragen ruwan attajirai da aka buɗe a 1970, yini ɗaya ya ishe mu. Motoci ne na alfarma da kantunan kayan sawa masu tsadar gaske, shayi kansa ya kusa ninka kuɗin na cikin gari. Hajiya ta ce, "Alhaji, mu koma wajen kifin nan." Tana nufin rumfunan bakin teku, inda ake tsire kifin sadin a sanda, a kafa shi gefen garwashi cikin wani tsohon kwalekwale da aka cika da yashi. Gishiri ne kawai da lemon tsami, amma har yau tana zancensa. Daga wurin, ranar da sama ta washe, mun hango dutsen Jibralta da duwatsun Moroko can ƙetaren ruwa.

Mai zuwa da iyali ya sani, shigar mutane a bakin teku ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce. Mu da sassafe muke yawonmu a can, ko bayan la'asar sakaliya lokacin da aka watse. Zan sake kama gida a tsohon garin in Allah ya maimaita, amma na ƙasa, kuma sai na ga hoton matakala kafin in biya.