Shagon buga hoto na gefen Babbar Kasuwa: yadda zanen agogunan Dali ke fita a injinsu

Mai son gwada injin buga hoto, ya ba shi zanen agogunan da suka narke, wanda Salvador Dali ɗan Sifen ya yi a 1931. Na asali yana gidan adana zane-zane na MoMA a New York, ƙarami ne, santimita 24 a kan 33. Shagon da ke gefen Babbar Kasuwar Maradi yana fitar da shi a takarda mai ƙyalli, da marar ƙyalli, da kuma ledar talla.

A marar ƙyalli aikinsu ya yi kyau. Ruwan ɗorawar da ke kan duwatsun Cap de Creus, wani bakin teku a Sifen, ya fito, shuɗin sama yana sauka a hankali har ya haɗe da teku. Wannan hasken na nesa, ga duhu a gaba, shi ke sa mai kallo ya kasa cewa asuba ce ko magariba, kamar a mafarki.

Duhun ne matsalarsu. Ƙasan zanen ruwan ƙasa ne mai zurfi, amma injinsu yakan malala tawada ya maida shi baƙi ƙirin, sai halittar nan mai dogon gashin ido da ke kwance a tsakiya ta zama kamar an manna ta. A ce su rage baƙi, su fara buga ɗan yanki a gani.

Agoguna uku ne suka yi laushi, Dali ya ce cukun Camembert, mai laushi na Faransa, da ya narke ne ya kawo masa su (ba irin cukunmu busasshe ba). Na huɗu, mai launin ruwan lemo, bai narke ba, tururuwa ta lulluɓe shi, kuma a zanensa tururuwa alamar ruɓewa ce. A leda, ita da ƙudan da ke kan agogon gefen dakali duk sukan koma ɗigo-ɗigo. Kar a yarda da leda, ko da ta fi araha.

Hoton da aka tura ta WhatsApp kai tsaye yakan matse. A tura shi a matsayin fayil, faɗinsa ya kai fiksel 3900 in ana son girman asali. Firam ɗin gilashin da suke sa hoto a ciki bai rufe baya sosai, ƙurar hunturu tana shiga, sai a sa su liƙe gefunan kafin a karɓa.