Motar ta hau dutse lafiya, hitar cikinta ce ta ba da ni a bakin tabkin Tislit

Kwana goma motar nan mai ɗakin kwana ta yi a hannuna, daga Marakesh ta ƙasar Maroko zuwa tabkunan Tislit da Isli da ke saman duwatsun Atlas kusa da Imilshil, na kuma mayar da ita. Hayarta na ɗauka a Marakesh, masu ba da irinta a garin kuma ba sai na kama suna ba. Doguwar ce, mita shida saura kaɗan, mai jan ƙafa huɗu, da gado da murhu da tankin ruwa na lita 100. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin kujerar fasinja da bai fi kwalin takalmi girma ba, wato hitar dizal da ake ɗumama ɗakin da ita.

Bari in fara sallamar motar, don ita ba ta yi min laifi ba. Daga garin Tingir ta kwazazzaɓon Todga zuwa Imilshil wajen kilomita 120 ne, a bi ta Ait Hani, a haura mashigar da ta kai kusan mita 2,700, a gangara Agudal. Ta haye ba tare da allurar zafi ta motsa ba. Tislit a gefen kwalta take, Isli ce sai an bi burji mai duwatsu. A nan na rage iskar taya daga 65 a geji zuwa 45 a gaba da 50 a baya, saboda nauyin ruwa da kaya duk a baya yake. Ƙasa da haka a taya irin ta motar kaya, dutse mai kaifi zai yanki gefenta. Inda ruwa ya zaftare hanya a tsallaka a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, domin gindin motar ya zarce tayar baya da fiye da mita guda, kuma can tankin ruwan wanke-wanke yake rataye. Famfon iskar da suka haɗa ni da shi minti huɗu yake ci a kowace taya. Na lamunce masa.

Yanzu hitar. Mai kilowat biyar ce, irin marasa suna da suka cika kasuwa, tana shan mai daga tankin motar. A Tingir ta kwana tana aiki lafiya lau. A daren farko a Tislit, mita 2,250 ko kusa da haka, ƙarshen Oktoba, ta kama ta yi aiki. Dare na biyu wajen ƙarfe biyu sai na ji ƙas-ƙas ɗin famfon mai ya tsaya, fanka ta ɗan ƙara hura iska mai sanyi, allon hitar ya rubuta E-08, ma'ana wuta ta mutu. Na sake kunnawa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal ya turnuƙe daga ƙarƙashin mota, sai E-10, ta ƙi kamawa. Awon da ke jikin motar ya nuna digiri 4 ƙasa da sifili a waje. Kafin asuba raɓar numfashi ta daskare a cikin gilashin gaba har sai an kankare da kati, tiyon famfon wanke hannu ya ƙame, ruwan alwala kuwa sai da na sa butar cikin bargo.

Ga abin da ya faru, kuma ba asiri ba ne ga duk mai sana'ar nan. Famfon irin wannan hita mai bugawa ne, kowane ƙas ɗaya yana tura kimanin mililita 0.022 na mai. In yana buga biyar a daƙiƙa, kusan mililita 400 ke nan a awa. An daidaita wannan adadi da iskar da fanka ke zuƙowa a ƙasa, kusa da teku. A tsayin Tislit nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Fanka na juyawa yadda ta saba amma iskar da take kawowa ta yi ƙaranci, famfo kuma bai san an hau dutse ba, yana ta zuba mai yadda aka saita shi. Man da bai ƙone sarai ba shi ke zama kunkunniya, ta lulluɓe cikin tukunyar wutar, ta toshe 'yar ragar da ke kewaye da fulogin kunnawa. Masu ƙera hita na gaske suna faɗa ƙarara cewa daga mita 1,500 zuwa sama sai da na'urar awon tsayi ko a rage mai da hannu. Tawa ba ta da na'urar, kuma ba wanda ya taɓa saitin.

Akwai laifi na biyu, shi ma na masu ba da hayar ne. Kilowat biyar ya yi wa motar da ba ta kai mita shida ba yawa. Cikin minti ashirin ɗakin ya yi zafi, sai hitar ta koma ƙaramar wuta ta kwana a haka, kuma a ƙaramar wuta tukunyar ba ta yin zafin da zai ƙone dattin da ke taruwa. Mai kilowat biyu da za ta kwana tana aiki da ƙarfinta ta fi tsabta nesa ba kusa ba. Sun sa babba ne don adadin ya yi kyau a talla.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a takardar haya da hannuna na rubuta Imilshil. Wanda ya miƙa min makulli ya kwashe kusan rabin awa yana nuna min yadda ake juya kujera da yadda ake naɗe rumfa, bai ce uffan a kan tsayi ba.

Gyaran, ga mai bukata. Kada a yi ta dannawa. In ta ƙi kamawa sau biyu a tsaya, domin kowane gwaji ƙara jiƙa ragar yake yi da mai, fulogin kuma yana jan amp 8 zuwa 10 na wasu mintuna, batirin ɗaki na ƙara yin ƙasa, har a wayi gari da matsala biyu. Da safe na kira masu ba da hayar, suka ce in nemi bakanike su za su biya. A Imilshil muka cire murfin hitar, muka zare wayar fulogin, muka kwance shi da soket mai lamba 12 mai tsaga a gefe, wanda aka yi don waya ta wuce. Fulogin na tangaran ne, in aka murɗa shi a karkace karyewa yake yi. Ragar ta fito baƙa ƙirin, ta ƙame kamar ƙanzo, ba ko huda ɗaya da haske ke ratsawa. Akwai kuma wani ɗan rami a gefen mazaunin fulogin da iska ke shiga, wanda yawancin mutane ke mantawa da shi. Shi ma a toshe yake, da siririyar waya muka buɗe shi. Sabuwar raga ba a samu ba, sai muka ƙone tsohuwar da wutar gas har ta yi ja, muka goge da burushi, muka mayar. Salansar hitar muka kwance muka zazzage, abin da ya zubo ya kusa cika kofin shayi.

Sai saiti. A allon akwai shafin da ake shiga da lamba huɗu, suka turo min ita. Babban bugun famfo na sauke daga 5.0 zuwa 4.0, ƙaramin daga 1.6 zuwa 1.3, gudun fanka kuma na bar shi yadda yake. Lissafin ba wuya: iska ta ragu da kusan kwata, mai ma ya ragu da kusan haka. Muka kunna ta a babbar wuta ta yi minti arba'in, hayaƙin ya tashi daga fari zuwa toka-toka, daga nan ya ɓace. Dare uku na ƙara yi, biyu a Isli, ba ta sake mutuwa ba. Kowace safiya kafin kashewa ina ba ta minti ashirin a babbar wuta, kuma da maɓallinta ake kashe ta, a bar fanka ta gama hucewa da kanta. Wanda ya cire mata wuta daga batir tana tsaka da zafi zai iya narkar da allon cikinta. In an sauko ƙasa a mayar da lambobin yadda suke.

Tsakani da Allah, a wannan gaɓar na huce. Hitar da aka saita daidai abin so ce. Ba ta shan abin kirki, lita biyu ba ta ƙarewa a dare, kuma zafinta busasshe ne, tagogi ba sa zufa. Isli kuma ta biya wahalar. Ruwa ne shuɗi a cikin kwarin da ba ko bishiya ɗaya, zurfinsa ya haura mita 90, kewayensa kusan da'ira. A harshen mutanen wurin, Ait Haddidu, Isli ango ne, Tislit kuma amarya, suna cewa hawayen masoya biyu da aka hana aure ne suka taru. Da hantsi makiyaya ke gangarowa da tumaki, da la'asar iska ke tasowa, don haka a juya hancin mota ya fuskance ta, kada a buɗe rumfa, kada kuma a matsa bakin ruwa, ƙasar da ke kama da busasshiya laka ce a ƙarƙashi. Tun 2005 tabkunan biyu ke cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya, ruwan sabulu a tafi da shi gari a zubar. Har na fara shirya musu tauraro huɗu a raina.

Sai tukunyar gas ta tuna min da su. Butan ce, kamar yawancin tukwanen Maroko, kuma butan ba ya tashi ya zama iska in sanyi ya kai sifili. Sun ajiye ta a akwatin baya da zafin hita ba ya kaiwa. Da asuba, lokacin da aka fi bukatar ruwan zafi, wutar murhu ba ta fi ta ashana ba, alhali tukunyar a cike take, kana girgizawa kana jin ruwan gas ɗin. Dabarar ita ce a buɗe ƙofar akwatin ta ciki awa guda kafin girki, ko a tsayar da tukunyar cikin roba mai ruwan ɗumi. Ruwan ɗumi na ce, ba wuta ba. Ga shi a wannan tsayi ruwa na tafasa ne a kusan digiri 92, shinkafa da wake sai sun ƙara lokaci, gas ɗin ya ƙara tafiya. Batirin ɗakin ma na litiyom ne, irin wanda ba ya karɓar caji in ya yi sanyi ƙasa da sifili. Daren da hitar ta mutu, rana ta fito tar amma sola bai saka komai ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Duk wannan layi uku ne a takarda da za su iya mannawa a jikin ƙofa.

Kuma babu na'urar gargaɗin gubar hayaƙi a motar. Wannan ban yafe ba. Hitar da ke ƙona mai rabi da rabi ita ce ke fitar da iskar nan marar wari mai kashe mutum yana barci, bakin salansarta kuma bai fi taku biyu daga tagar gado ba. Mai zuwa ya sayi tasa mai batir ya taho da ita, tare da raga biyu, fulogi ɗaya, soket ɗin nan mai tsaga, da bargon da zai iya kwana da shi ko ba hita. Ya cika tanki a Tingir, domin tiyon hitar ba ya kaiwa gindin tanki, in mai ya yi ƙasa da kwata sai ta zuƙi iska ta mutu, kuma da gangan aka yi haka don kada ta shanye man komawa gida.

Ranar mayar da mota suka zagaya ta, ba ƙwarzane, taya lafiya. Kuɗin bakaniken da suka ce za su biya sai aka ce ba rasit mai hatimi. Sannan suka zaftare wani abu daga kuɗin jingina, wai an buɗe hita an canza saiti, saitin da su suka turo min lambar shigarsa. Na nuna saƙon a waya, aka ce wanda ya turo ba ya nan yau. Mako uku ke nan ina jiran ya dawo.

Tauraro biyu, kuma na motar ne. Mai zuwa bakin teku ko hamadar Marzuga ya karɓa ba fargaba. Mai hawa Imilshil daga Oktoba zuwa Afrilu, kafin ya sa hannu ya ce a kunna hitar a gabansa, ya tsuguna ya kalli kalar hayaƙin, ya tambayi bugu nawa aka saita famfon, kuma a rubuta masa a takardar haya cewa an yarda ya rage shi.