Yadda ake duba kare mai tari a Ingila

Salam 'yan uwa na gida, musamman masu karnukan gadi da na farauta. Akwai abin da na gani a nan Ingila game da tarin kare da nake so ku sani, don wallahi karnuka da yawa muna rasa su a banza.

Na farko dai a nan ba ka isa ka shiga kemis ka ce a ba ka antibayotik na kare ba, sai da takardar likitan dabbobi. Mu kuwa kare na fara tari sai a ɓare kafso a zuba masa a abinci, in ya tashi shi ke nan in bai tashi ba a ce kwana ne ya ƙare. Su sai likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya gwada zafin jiki (daidai shi ne 38 zuwa 39 da ɗan wani abu), ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, in ya ga ya yi shuɗi to jiki ba ya samun isasshiyar iska, nan take sai hoton ƙirji da oksijin.

Yawanci ma tarin ba na nimoniya (ciwon huhu) ba ne, wani busasshen tari ne kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, ƙwayar cuta mai suna Bordetella ke kawo shi tare da wasu bairos, yana yaɗuwa duk inda aka tara karnuka, kuma cikin sati ɗaya zuwa uku yake tafiya da kansa in an bar kare ya huta an raba shi da sauran. Rigakafinsa galibi a hanci ake ɗigawa, kuma gidajen da ake ba ajiyar kare in za a yi tafiya, da yawansu ba sa karɓa sai ka nuna katin. Akwai kuma tsutsar huhu da kare ke ɗauka in ya ci katantanwa, shi ya sa wasu ke ba da maganin tsutsa duk wata.

Amma fa kar ku zaci komai daɗi ne. Mutum asibitin gwamnati na NHS kyauta yake zuwa, kare kuwa aljihunka ne, shi ya sa suke masa inshora, marasa ƙarfi su nufi PDSA, wata ƙungiyar agaji mai duba dabbobin marasa hali. A can gida wajenmu likita zai zo har ƙofa kuma ku daidaita, nan sai ka buga waya an ba ka lokaci.

Abin da ba ya buƙatar na'ura shi ne ƙirga numfashi. In kare na barci ka duba hawa da saukar ƙirjinsa na minti ɗaya, in kullum yana haura 30, ga majina mai kauri ga ƙin cin abinci, kar ka jira gobe, balle ɗan kwikwiyon da ba a yi wa allurar distemfa (wata muguwar cutar bairos ta karnuka) ba. Kuma don Allah kar a ba shi ibuprofen na mutane, yana lalata musu ciki da ƙoda.