Na gwada 6.5 Creedmoor da .308, ga abin da na gani

Kawuna a unguwar Aboabo ta Kumasi maharbi ne tun kafin a haife ni, kuma a hannunsa na koyi riƙe bindiga. Duk farautarmu da bindigar kwaɓa-ɗaya muke yi mai cin harsashin lamba 12, irin wadda maharban Asante ke rataye da ita. Sai bana da na je wurin yayana a Texas ta Amurka na samu damar taɓa harsasan nesa da nake gani a YouTube. Sau uku ya kai ni filin gwajin harbi, da bindigogi biyu, ɗaya mai cin .308 Winchester, ɗaya 6.5 Creedmoor.

Shi .308 tsohon hannu ne, tun 1952 yake kasuwa, kuma ɗan'uwan 7.62 ne da bindigar G3 ta sojoji ke ci. Harsashin da na harba, nauyin kansa ya kai kusan giram 11. A yadi 100 ba ni da abin cewa, ramukan sun taru wuri guda. Amma yana da naushi. Bayan harbi ashirin kafaɗata ta fara tsami, har na lura ina runtse ido kafin in ja kunama, yayana yana ta yi mini dariya.

Creedmoor kuwa yaro ne, kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 musamman domin masu gasar harbin nesa. Kansa siriri ne dogo, giram 9, shi ya sa yake ratsa iska ba ya saurin gajiya. Inda na yarda da shi a yadi 600 ne. Ranar akwai iska tana kaɗawa daga hagu. Da .308 sai na kauce da saiti sosai, duk da haka biyu cikin biyar suka wuce farantin ƙarfen da muke auna. Da na koma Creedmoor gyaran kaɗan ne, kuma saboda bugunsa da sauƙi idona bai bar madubin saiti ba, ina kallo fentin farantin ya tashi, sannan can daga baya ƙarar ta iso kunnena, ƙwal! Wallahi wannan ɗan jinkirin tsakanin gani da ji ya fi komai burge ni a tafiyar. Aibinsa shi ne yana cinye cikin bututun bindiga da wuri fiye da .308, kuma harsasan gwaji masu arha sun fi yawa a ɓangaren .308.

In don harbin faranti ne, Creedmoor zan ɗauka ba shawara. In don farauta ne a tazarar da mai hankali zai harbi dabba, dukansu sun isa.

Da na dawo Kumasi na zauna ina ba kawu labari wurin shayi, ya bar ni sai da na gama tsaf. Ya ce, "To ɗana, a wane dajin za ka hangi gada a yadi ɗari shida?" Gaskiyarsa. A kurminmu taku talatin ma sai an yi sa'a, kuma harsashin da ya kuskure a nan, wa ya san gonar kokon da zai faɗa? Gyazbin da ake kaiwa kasuwar naman daji ta Atwemonom ba ya buƙatar irin wannan ƙarfi. Ga lasisin 'yan sanda da ake sabuntawa duk shekara, ga hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba.

Takardar saitin yadi 100 kaɗai na zo da ita gida. Kawu ya ɗaga ta a hasken fitila, ya sa babban yatsa ya rufe ramukan biyar gaba ɗaya, ya ce in bar masa ita.