Mutum-mutumin Nok ko Zanen Bangon Birni: Wace Ƙungiya Za Ka Shiga?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na sami natsuwa. Ka ce kai malamin makaranta ne a Gwale, sha'awar tsofaffin abubuwan da aka sassaƙa ko aka gina da hannu ta kama ka, kuma an nuna maka hanya biyu: ko ka shiga cikin masu nazarin mutum-mutumin yumɓu irin na Nok, ko ka bi 'yan sa-kai da ke zagaya lungunan birni suna ɗaukar bayanin zanen bango da tsofaffin soraye. Ka ce lokacinka da aljihunka ba za su ɗauki biyu ba. Na zauna da kowane ɓangare, don haka bari in jera maka su.

Mu fara da abin da idonka zai gani. A ɓangaren Nok, abin da za ka gani ya girmi duk wani gini da ke tsaye a Kano. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan siffofi kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna. Wajen 1943 aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kai na gasasshen yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura zubinsa ɗaya da na Nok, daga nan sunan ya bi su gaba ɗaya, kuma shi ne ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Yawancin siffofin sun haura shekara 2,000, wasu sun wuce 2,500.

Ranar da na fara tsayawa gaban irin kan nan a Jos, na daɗe ban motsa ba. Idon mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsa, an huda hanci da kunne. Gashin an tufke shi tuntu-tuntu, kitso sosai, irin wanda sai an zauna an ɓata lokaci a kai. Cikinsa holoƙo ne, domin yadda ake gina tukunya aka gina shi, ana ɗora igiyar yumɓu kan 'yar'uwarta. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka fara aiki a yankin tun 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sun gano mutanen nan gero suke nomawa, har an sami alamar kakin zuma a tukwanensu. A Taruga kuma an tono matoyar da suke narka tama. Ka ga mai noma gero, mai cin zuma, mai ƙira, ai ba baƙo ba ne a wurinmu.

A Kano ba za ka sami irin wannan a tsaye ba. Tsohon kundin tarihin birnin ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da yadda Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin a ƙarni na 14. Gwanintar hannun Bakano sai ta tafi kan bango da ƙyaure da fata da tufa. Abin da ɓangare na biyu zai nuna maka ke nan: dagi da aka tayar da yatsa a goshin zaure, zankwaye a saman soro, bakan gizo da ɗaurin guga a rufin ɗaki, azarar da aka jera kamar saƙa. A wasu gidajen attajiran tsakiyar ƙarnin jiya za ka ga an tayar da takobi, ko keke, ko agogo, maigida yana shaida wa mai wucewa abin da Allah ya hore masa. Ka shiga Gidan Makama, gidan tarihin da ke cikin birni, wanda asalinsa ya koma zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ka ɗaga kai ka dubi rufin, sannan ka tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye. Wannan ma sassaƙa ce, sai dai a jikin gida take, ba a iya sa ta a akwatin gilashi.

To, me za ka riƙa yi in ka shiga? Nan ne suka rabu sosai.

Masu nazarin Nok aikinsu karatu ne da sauraro da tafiya. Za a yi lacca, a karanta maƙala, a shirya ziyara zuwa Jos ko gidan tarihi na Kaduna, wani lokaci a je Zariya wajen malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. In kana son tsohuwar ƙungiya mai tsari, akwai Nigerian Field Society da aka kafa tun 1930, mai fitar da mujalla, akwai kuma ƙungiyar masana haƙo kayan tarihi ta ƙasa. Amma kada ka sa rai za a miƙa maka cebur. Doka ba ta yarda kowa ya tona ƙasa neman kayan tarihi ba sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma hakan daidai ne. Abin da ke gaya wa masani shekarun siffa shi ne inda take kwance: zurfin ramin, gawayin da ke gefenta, sakainar da ke ƙarƙashinta. Da zarar an ciro ta ba a rubuta wannan bayani ba, ta zama kurma, ba ta da sauran magana. Saboda haka ɗan sa-kai a wannan ɓangare mai kallo ne da koyo, sai in ya yi nisa a karatu.

Masu bango kuwa tun ranar farko za a ba ka aiki. Littafi, fensir, tef na awo, wayar da ke ɗaukar hoto. Za ku fara da gaisuwa wajen mai unguwa, sannan ku yi sallama da maigida, ku faɗi abin da ya kawo ku. In ya yarda, a auna faɗin zaure da tsawonsa, a ɗauki hoton zanen da safe lokacin da rana ke bugunsa ta gefe, domin a lokacin ne tudunsa da kwarinsa ke fitowa. Sai a zauna da dattijon gidan a tambaye shi wa ya gina, wane magini ya yi zanen, a zamanin wane sarki. Mata suna da babban rabo a nan, domin su ke shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, kuma sau da yawa adon ɗakunan ciki ya fi na waje.

A wani lungu bayan kasuwar Kurmi na taɓa zama wuni guda da wani tsohon magini yana gyara goshin zaure. Ya kwaɓa ƙasarsa tun kwanaki, ta kwana ta tashi ta yi danƙo. Ya yaɓa ta da kauri, ya bari ta sha iska kaɗan, sannan ya sa yatsa biyu ya ja layi, ya murɗa, ya dawo ya bi ta ƙarƙashin na farko, sai ga dagi ya fito, babu takarda, babu awo. Da bakin tsohon cokali yake gyara gefen. Na tambaye shi abin da ke hana ruwa cin irin wannan, ya ce da makuba ake shafe shi, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko a yi masa laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Ya ce yanzu kafin ya haɗa kayan lason sai ya yi yawo, kuma 'ya'yansa duk bulo suke ɗorawa. Ka lura da wannan: marinar Ƙofar Mata da majema da magina sana'a ɗaya suke riƙe wa juna, in ɗaya ta raunana sauran sun ji a jikinsu. Babu laccar da ta taɓa koya mini haka.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Nok na cin kuɗin mota da masauki da kuɗin ƙungiya na shekara, kuma hanyoyin da ke kai wa ga wuraren tonon ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. Bango kuɗin adaidaita sahu ne da ɗan goron da za ka riƙa wa dattijo, sai haƙurin rana.

Ka kuma yi tambaya, cikin kunya, ko kallon mutum-mutumi bai taɓa addini ba. Na ji daɗi da ka faɗa, domin da yawa suna ɓoye ta a zuci. Ni ba malami ba ne, fatawa ka neme ta wajen malaminka. Abin da zan iya gaya maka shi ne abin da na gani: babu mai rusuna wa komai, babu mai roƙon komai. Ana aunawa ne, ana tambayar yaushe aka yi, da me aka yi, su wa suka yi. Ni a wurina sanin yadda mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka rayu abin lura ne da wa'azi. Amma in zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka tilasta mata. Zanen bango ba shi da wannan damuwar, kusan dukansa ƙulli ne da layi da kayan amfanin yau da kullum, kuma za ka iya jan ɗalibanka ku tafi tare babu uban da zai ɗaga gira.

Haɗarin da ke kowane ɓangare ma daban ne. Na Nok ɓarayi ne. An yi shekaru ana haƙe filaye ana fitar da siffofi zuwa kasuwannin Turai, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa na Nok da na Sakkwato da na Katsina a jerin kayan da take gargaɗin kada a saya. Da zarar an ji kana sha'awar harkar, wani zai same ka. Ni an taɓa kawo mini kai a cikin buhun shinkafa, an naɗe shi da tsumma, ana ce mini in saya in "cece shi". Kada ka saya, ko da kuɗin goro ne. Ko dai jabu ne da aka gasa jiya aka shafa masa ƙasa, ko na gaske ne, kuɗinka ya biya wanda zai koma ya sake tona wani ramin. Ka kai rahoto Gidan Makama, ma'aikatan hukumar suna nan. Duk ƙungiyar da ka ga 'ya'yanta suna cinikin kayan tarihi a bayan taro, ka ɗauki takalminka.

Haɗarin bango kuwa ruwan sama ne da siminti da rabon gado. Akwai wani zaure da na ɗauki hotonsa a watan Afrilu, mai dagi uku da zanen agogo a tsakiya. Indararonsa ya karye, na ce da masu gidan a gyara, suka ce sai an gama maganar gado. Ruwan Agusta ya bi ta tsagar ya jiƙa bangon daga ciki. Da na koma, tarin jar ƙasa na tarar, yara suna wasa a kai. Hotuna bakwai da awon da na rubuta su ne suka rage. Ban ga laifin masu gidan ba, ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma mai neman na cefane ba zai fara da dagi ba. Ko badala, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, aka kuma sa ta a jerin wucin-gadi na wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2007, kai shaida ne kan yadda take zaizayewa ana ɗibar ƙasarta.

Wannan ne ya sa na karkata. Siffar Nok da ta riga ta shiga gidan tarihi tana da rufi da mai gadi da lamba a littafi, tana da farfesoshi a gida da waje. In ka jinkirta shekara biyu za ka same ta. Zauren Yakasai ko na Koki ba shi da kowa sai wanda ya zo da tef kafin damina. Kuma kai ɗan gari ne: ka san gaisuwa, ka san lungu, in ka ce kai jikan wane ne za a shimfiɗa maka tabarma a buɗe maka baki. Masanin da ya zo daga nesa ba shi da wannan, komai yawan digirinsa. Shawarata ka shiga cikin masu bango, ka riƙe Nok a matsayin karatu da ziyara sau ɗaya a shekara lokacin hutun makaranta. In kuwa burinka ka koma jami'a ka zama masanin haƙo kayan tarihi, to ka juya maganata, ka bi masu Nok, domin a can za ka haɗu da malaman da za su riƙe hannunka.

Kowace ka zaɓa, ka yi tambaya kafin ka ba da ko kwabo. Na taɓa shiga wata da muka shekara muna zaɓen shugabanni da ɗinka anko, ba mu auna bango ko ɗaya ba. Ka ce a nuna maka aikin bara. Ka tambayi ina ake ajiye hotuna da rubuce-rubuce, domin abin da ke cikin wayar mutum ɗaya ranar da ta faɗa ruwa ya tafi. Ya kamata a kai kwafi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take. Ka tambaya ko akwai magini na gaske a cikinsu, kuma ana biyansa haƙƙinsa in ya koyar. Ka tambaya ko ana mayar wa masu gida hoton gidansu a takarda, don wannan ɗan abin shi ke sa a sake buɗe muku ƙofa.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu haɗu a ƙofar Gidan Makama da ƙarfe takwas, daga nan mu gangara wajen Kurmi, akwai soraye biyu da muke son aunawa kafin ruwa ya sauka. Ka zo da littafi mai bango mai ƙarfi da fensir, biro yana ƙin rubutu in ƙura ta hau takarda. Tef ɗin ina da biyu, zan ara maka ɗaya.