P-51D ko Fw 190 A-8: wanne ya fi koyar da kula da inji?

Duka jiragen yaƙin biyu suna cikin wasannin kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgi, DCS World da IL-2 Sturmovik, amma aikin da suke ɗora wa hannun hagu, mai sarrafa inji, ya sha bamban.

Injin Fw 190, wato BMW 801 mai silinda 14, iska ce ke sanyaya shi, kuma yana da na'urar Kommandogerät. Da ka tura liba ɗaya, ita za ta daidaita cakuɗin mai da iska, kusurwar farfela da lokacin tartsatsin fulogi. Naka shi ne duba agogo: 1.42 ata (ma'aunin matsin iskar da ke shiga inji) a juyi 2,700 cikin minti ɗaya na minti 3 ne kawai, 1.32 ata a 2,400 kuwa ya kai minti 30.

P-51D, wato Mustang, ba ya lamuntar sakaci. Libar totur daban, ta farfela daban. In za ka ƙara ƙarfi, fara ɗaga juyi kafin totur. In za ka rage, totur ne farko. Wanda ya juya tsarin ya haɗa matsi mai yawa da juyi kaɗan, man ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, fistin ya lalace. A Mustang da inci ake auna matsi: inci 46 a juyi 2,700 ba shi da iyakar lokaci, inci 61 a 3,000 minti 15, inci 67 minti 5. Ga lagireto a ƙarƙashin ciki: harsashi ɗaya ya huda shi, ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone.

A ganina, mai son fahimtar inji da gaske ya fara da Mustang. Fw 190 ya fi dacewa da wanda yake son idonsa ya tsaya kan abokin gaba.